Awo Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa Tankari ɗinki,
tun yana waƙa a gidajen biki na Bagalam
ana sallamarsa da jaka biyu da ragowar shinkafa,
har yau da hotonsa ke manne a bayan motoci
daga Babbar Kasuwa zuwa hanyar Ɗan Isa.

Na san faɗin kafaɗarsa.
Na san hannunsa na hagu ya ɗara na dama da rabin yatsa.
Na kuma san duk ƙaratowar Salla
yakan aiko da shadda a yanka riga biyu,
aikin wuya iri ɗaya,
guda a awonsa,
guda a awon wani da ban taɓa aunawa ba,
gajere, mai ɗan tumbi,
wanda aka rubuto lambobinsa a bayan takardar magani.

Ban tambaya ba.
Tela ba alƙali ba ne.

Ran Laraba wata 'yar jarida ta sauka daga Yamai,
salula biyu a hannu, ƙamshinta ya cika shago.
Ta zauna bisa buhun ƙyallaye ta ce,
a ƙetare an share masa fili,
in ya fito ya faɗa da bakinsa
yara da yawa masu kwana da tsoro za su yi numfashi.
Shirunsa, in ji ta, bashi ne.

Ban ce ƙarya take yi ba.
Na san wani yaro a Mokoyo
da ya daina fitowa ko sayen koko.
Sai dai ita da Juma'a za ta hau mota,
uwar Tankari kuwa nan za ta ci gaba da tallan aya,
a rumfar da kowa ya sani,
tsakanin bakunan da ba su da ƙyaure.

Da la'asar 'yan fadar ƙofar shagona
suka ɗora shayi, suka ɗora shi.
Ya hau rediyo ya rantse, in ji ɗaya.
Ya yi aure kafin azumi mu gani, in ji mai fifita gawayi,
alhali waƙarsa ce ke tashi daga aljihunsa.

Na dubi allura, na dubi zare.
Waccan ta ce ya faɗa, waɗannan sun ce ya musa,
amma hannu ɗaya suke miƙowa:
a juya rigar a ga shafinta.
Ni da ke ɗinka shafi na sani,
ba don kunya ake sa shi ciki ba,
don shi ne ke taɓa fata.

Bayan lisha ya zo, shi kaɗai, hula har gira.
Wuta ta ɗauke, na kunna fitilar salula.
Ya ɗaga hannuwa ina zagaya shi da magwaji,
sai ya ce, a hankali, kamar mai gwada sabon amshi:
Nomau, murya na sayar musu.
Yaushe aka haɗa da makullin ɗakina a cinikin?
Wata rana ƙila in faɗa. Ƙila in mutu ban faɗa ba.
Ko wanne ne, ina so ya zama nawa.

Na ce, sauke hannu, ka rame.

Ya kai bakin ƙofa ya juyo.
Ta biyun, ya ce, ka ɗan sake ta wajen ciki,
bana ya ƙara ƙiba.
Muka yi dariyar da ba ta wuce ƙofa ba.

Na koma kan keken ƙafa, na ƙara yatsa biyu.
Waje ana ta zuba shayi na uku.