Tela a Dutsen Kagoro

Likita ya ce jinina ya hau,
in bar kujerar keken ɗinki in taka ƙasa.
Na ce tunda hawa ya yi, bari in bi sawunsa.
Ranar Asabar na shiga motar Kagoro daga Kafanchan
tun hantsi bai dubi ludayi ba.

Shekara talatin ina hango dutsen nan ta tagar shago,
shuɗi, kamar shaddar da aka shanya a igiyar gabas.
Ban san yana da ƙamshi ba:
jiƙaƙƙen ganye, cittar da aka tone jiya,
da wani sanyi mai fitowa daga tsagar dutse
kamar an buɗe bakin randa.

Hanyar ɗinkin hannu ce.
Nan ta miƙe, can ta karkace,
ta nutse ƙarƙashin saiwar gamji, ta ɓullo gaba,
ba wanda ya auna ta, ƙafafu ne suka ɗinka.
Na wuce gonar acca mai faɗin tabarma biyu,
na wuce ɗorawa, na wuce gora mai ƙugi in iska ta taɓa ta.
Agwada ta leƙo ta dube ni, ta koma,
ba ta ga abin tsoro ba.

Kafin rabin tafiya ƙirjina ya zama zugazugi.
Na zauna a kan fa, ina ƙirga bugun zuciya,
sai ga tsohuwa daga ƙasa, buhun gishiri a ka,
galan ɗin kananzir a hannu,
silifas ɗaya an ɗaure shi da waya.
Ta ce sunanta Kuyet, gidanta can sama,
sau biyu a mako take saukowa kasuwa
tun ba a yi kwalta ba.

"Kai baƙo, da ido kake hawa.
Dubi inda za ka sa ƙafa,
ƙololuwa ba ta zuwa ko'ina."

Ta wuce. Sai na ga farin zare yana bin bayanta,
siriri, a kan jar ƙasa.
Ƙaya ta yagi gindin buhun, gishiri na zuba,
ita ba ta sani ba.

Na kira ta da ragowar numfashina.
A hulata kullum akwai allura,
mantuwa ce da ta zama ɗabi'a.
Muka sauke buhun a bakin wata ƙorama
mai saukowa daki-daki tana wanke duwatsu,
na zare zare daga bakin buhun, na lasa, na zura.
Taƙi ɗaya ne tsawon yagar.
Ban taɓa ɗinki a wuri mai faɗin haka ba:
ƙasa duk ta kwanta a gabana,
rufin kwano na walƙiya kamar maɓallai a faranti,
layin dogo ya ratsa kore ya ɓace,
shaho yana shawagi, ina ganin bayansa.
Na nemi shagona, ban gan shi ba.

Ta ja ɗinkin da yatsa, ta gyaɗa kai,
ta kwance bakin zane ta ba ni gwaiba uku.
Na ɗora mata kayan. Gajimare ya sauko ya karɓe ta.

Ban kai sama ba, kada in yi muku ƙarya.
Na sauko gwiwa na rawa,
ina bin farin zaren da tururuwa suka fara tsincewa.

Litinin na buɗe shago, na ɗaga taga.
Dutsen na nan, shuɗi, kamar yadda na saba.
Sai dai yanzu na san a can cikin wata bukka,
kusa da murhu,
akwai taƙi ɗaya na aikin hannuna.