Daƙiƙa Ashirin

Ƙarfe biyun dare, ni da fanka mai tari
a ɗakin gwaji, bayan asibitin koyarwa.
Sakkwato ta kwanta, zafinta bai kwanta ba.
Ga ɗan faranti gabana, bai kai tafin hannu ba,
cikinsa ƙwayoyin dasashi da na raina kwana tara.
Na ba su ci, na ba su ɗumin jiki,
suka yaɗu, suka riƙe juna kamar kabewa a kan danga.

Jiya na ɗiga musu ruwan da danƙon haƙori ya kwana ciki.
Ɗigo ɗaya. Ba ƙara, ba hayaƙi.
Yau na leƙa madubi:
sun dunƙule, sun saki gindi,
suna yawo kamar dusa a ruwan surfe.
Na ƙirga masu rai. Na sake ƙirgawa.
Alƙalami ya fi ni ƙarfin hali.

Kawu Jabbi baduku ne a Mabera.
Shekara arba'in yana jan zare da haƙori,
sai ƙwallon goruba ya ɓantare masa na gaba.
Ni na kai shi, ni na riƙe masa hula.
Likita ya shafa danƙo, ya haska shuɗiyar fitila,
fitilar na lumshe ido, cajinta ya yi ƙasa,
ga layi har bakin ƙofa.
Kawu ya lasa da harshe, ya ce,
"Ɗiyata, wanga aiki ya yi, awa bai taɓa karyewa ba."

Inda haske ya kai, danƙo ya zama dutse.
Inda bai kai ba, yana nan ɗanye,
yana tsattsafowa cikin yawu
zuwa naman da ba shi da bakin kuka
alhali a baki yake zaune.

Ban ce a zubar da danƙo ba.
Ya riƙe turmin mutane da yawa, har nawa.
Amma Kawu ne ya koya mini tun ina ƙarama:
fatar da aka tsame daga bagaruwa da gaggawa
ta waje sheƙi take,
ta ciki take ruɓewa.

An kira assalatu.
Zan wanke faranti, in rubuta lambar yadda take,
in tare kabu-kabu.
Gobe zan tsaya a kan likita, ko ya ji haushi,
in ƙirga masa ashirin da ƙarfi,
kada ya sauke hannu a sha biyu.

Amma yanzu Mabera na nufa.
Zan ce, Kawu, buɗe in gani.
Zai yi dariya,
ni kuwa ba haƙorin zan duba ba.