Sabulu Nake Sayarwa

A Izmir, bayan la'asar,
Nergis na naɗe sabulun zaitun.
Shagonta ba ƙofa, ba rumfa,
yana cikin waya, gefen butar shayi.

Ta san titin Tuncay, bene na huɗu,
ta san duk wata yakan sayi mai ƙamshin lemo
da sunan matarsa da ta rasu.
Lambar katinsa kuwa, ko a mafarki;
wannan tana hannun banki.

Jiya wani ya bugo:
"Nawa za ki bar mini jerin sunayen?"
Ta ce, "Sabulu nake sayarwa."

Da dare ta sauya kalmar sirri,
ta goge adireshin waɗanda suka daina leƙowa,
yadda teku ke share sawu,
bai gaya wa kowa wanda ya wuce ba.