Littafin Karnukan Babana

A can Alston, inda tuddai ke shan ruwan sama wata tara,
babana, Wilf Tweddle, ya bar mini abu uku:
tocila mai tsagaggen gilashi,
igiyar fata da maiƙon hannunsa ya baƙanta,
da wani littafi da danshi ya kumbura.

Babu lissafin bashi a ciki, babu addu'a,
sai sunayen karnuka, wa ya haifi wa.
Meg, karyar kiwon tumaki, mai kallo irin na alƙali,
an haɗa ta da Flint, dogo, siriri,
wanda filin tsere ya sallama don ya fara manyanta.
A gefe ya rubuta da fensir:
"Kan uwa, ƙafar uba. In an dace."

In an dace!
Ya ɗauka jini shayi ne,
ka zuba madara, ka zuba ruwan zafi, ka juya.
Bakwai Meg ta zube a kan busasshiyar ciyawa,
babu biyun da rabonsu ya zo ɗaya.

Na fari ya kwashe gudun uban kaf, ya bar hankalin a ciki,
ya bi zomo har ya daki katangar dutse,
kafaɗarsa ba ta ƙara zama daidai ba.
Wata in ta ga zomo sai ta kwanta, ta kafa masa ido,
tana jiran a ce ta kora shi garke.
Wani ya fito da gemu mai kaushi
da rabon a gan shi tun kakar kakarsa,
shafi goma sha biyu baya,
ya yi ta barci a cikin jini har ranar da ya ga dama.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Mai wannan magana bai taɓa rainon kwikwiyo bakwai ba.

Sai autarsu, Wren.
Ƙafa gajera, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya ya gaji.
Baba ya rubuta: "Ba gudu. A bayar."
Ba wanda ya karɓa.
Ya rasu a Fabrairu, ita ko shekara ba ta cika ba.

Daren Nuwamba, ba wata, iska na kukan yamma,
tsohuwa Hetherington ta kira ni,
zomaye sun cinye mata kabeji har jijiya.
Na kunna tocila. Jan ido ɗaya a tsakiyar fili.
Na saki igiya.

Ba ta bi bayansa ba.
Na buɗe baki zan zage ta,
sai na ga ta yanke ta hagu, can gindin katanga,
inda ramin yake, inda dole ya karkato.
Kowa ya ci zomo ya ci gudu, haka ake cewa,
ita kuwa da tunani ta ci nata.
Ta kawo shi hannuna da ɗuminsa,
ko haƙori ɗaya bai huda fatar ba.

Sha ɗaya muka ɗauko kafin sanyi ya kashe mini yatsu.

Mutane kan ce fuskar uwata na ɗauko, da taurin kan Baba.
Yayana Alec, ciki ɗaya, nono ɗaya,
yana Carlisle yana sayar da inshora,
ko warin jiƙaƙƙen kare ba ya iya shaƙa.
Wa ya raba mana? Da wane mudu?

Ban goge rubutunsa ba.
A ƙarƙashi na sa: "Sha ɗaya. Gonar Hetherington."
Shafi na gaba fari ne fat.
Akwai wani kare a Garrigill, dogo, mai sanyin hali,
mai shi ya yi mini magana sau biyu.
Wren na barci, ƙafafunta na gudu a mafarki,
fensirin Baba yana hannuna, duk ya tattaune gindinsa.