Takarda Ta Bakwai

A Marwa, ƙofar ofishin jami'a,
layi ya kai har gindin darbejiya.
Kowa da jakar leda a hammata.
Tawa takardu shida ne cif,
har da rasit na kuɗin da Inna ta tara
a bakin kaskon ƙosai, dala bisa dala.

Ta bakwai ce ke ƙona min aljihu.
Kaziye suke ce mata a kotu.
Ta wasu fara ce tas, hatimi da sa hannu.
Tawa baki gare ta:
Sallau Garga, wata goma sha ɗaya,
jarka tara ta fetur ɗin zuwa-zuwa.

Ba ta ce shekaruna sha tara ba a lokacin.
Ba ta ce babur na wani Alhaji ne ba,
wanda har gobe sahun farko yake ran Juma'a.
Ba ta san Malam Hamajoda ba,
tsoho mai tari, ɗaki na huɗu,
da ya koya min lissafi da gawayi a bango,
mu goge da yawu kafin gandiroba ya leƙo.
Can ya rasu, ana saura kwana tara in fita.

Madam Dudu ta karɓa ba ta ɗago ba.
Ta ɗaya, ta biyu, ta uku,
yatsanta na tafiya kamar ɗan tsako a tsakar gida.
A ta bakwai ya tsaya.
Ta gyara tabarau. Ta dubi takalmina.
Ta ce, “Kwamiti zai zauna.”
Ta ware tawa gefe guda,
ta danne ta da kofin shayi.

Alƙali wata goma sha ɗaya ya ce.
Na ƙirga su da farce, na biya, babu ragi.
To wa ya ƙara sauran a bayan idona?
Bashi ɗaya sau nawa ake biyan sa?

Ban roƙi a yafe min jarrabawa ba.
Kujera nake so da alƙalami,
in faɗi, in faɗi da hannuna.

Da na fito na bi ta kan gada.
Mayo Kaliyaw ya bushe ƙayau,
sai rairayi da sawun awaki.
Amma ga wata yarinya can ƙasa, a durƙushe,
tana tono da ƙwarya,
hannunta ya nutse har gwiwa.

Na tsaya har ruwan ya fito.

Ran Litinin za a kafe sunaye.
Na wanke rigata.