Luguden Cikin Allo

Nazifi, matso da fitilar nan.
Allon injin ƙyanƙyasa ne, daga Gunduwawa aka kawo shi.
Ƙwai ɗari shida sun kwana ba ɗumi,
mai su na bakin rumfa, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa.

Wuta na shiga, awo ya shaida.
Ƙwaƙwalwar ba ta ƙone ba, ɗora yatsa ka ji.
Ta dai yi tsit, kamar Fam Santa ranar da aka hana fita.

Dubi ɗan gwangwanin nan mai ƙafa biyu,
bai kai ƙwayar wake ba.
Sillen dutse ne a ciki, an fere shi siriri,
wuta na taɓa shi sai ya kama karkarwa,
sau miliyan takwas kafin ka ce ɗaya,
ba ƙari, ba ragi.

Ka taɓa ganin lugude?
Kakata Tabawa a Yakasai, mata uku turmi ɗaya,
ita ke sauke taɓaryar farko,
sauran su bi sawu, ba mai bugun hannun wata.
Ran da ta kwanta ciwo, geron ya wuni a ƙwarya.

To haka nan.
Dutsen ya buga, wani a ciki ya karɓa ya ninka,
takwas ta koma saba'in da biyu,
yana gudu yana waiwaye
kada ƙafarsa ta saɓa da ta tsohon.
Sai kuma rabo, kamar ruwan Tamburawa a bututu:
mai lissafi ya sha cikakke,
mai auna zafi a ba shi rabin rabi,
mai jiran lokacin juya ƙwai
a ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ba ya sauri.
Unguwar da ta yi barci a rufe mata famfo
don kada batir ya tsiyaye a banza.
Hanyoyin ma an auna tsawonsu,
kada na kusa ya ɗaga
na nesa bai sauke ba.

Akwai wani agogon na cikin gida,
amma zafin bazara kan ruɗa shi,
ya yi gaggawa da azahar, ya ja ƙafa da asuba.
Wanda ya tsara allon bai amince masa ba,
ya ce a jira dutse.
Ga ta nan tana jira tun jiya.

Miƙo dalma. Ciro wani daga gwangwanin madara,
cikin waɗanda na saro a Sabon Gari.
Riƙe da kyau, hannunka na rawa.

Ka gani? Koren ido ya ƙifta.
Ya sake.

Kira mutumin.
In ya tambayi ƙwan, ce masa ban sani ba.
Su ma akwai ɗan bugu a cikinsu,
wannan kuwa ba a rumfata ake sa shi ba.