Kwandasta

A Surulere nake aiki,
bene mai hawa biyu, bayan gidan man da aka rufe.
Ina jinyar Mama Oyinlola,
shekara tamanin da huɗu, haƙori shida,
baki kuwa na mutum goma.

Ranar farko 'yarta Morenike ta ce min,
"Look after her."
Na san look, kallo ne.
Na san after, baya ne.
Sai na tsaya ina kallon bayan tsohuwa
har ta juyo tana laluben zanenta,
ko wani abu ne ya ɓata shi.

Da dare a Idi-Araba
ɗana Sha'aban ya yi dariya har shayi ya ƙware shi.
Ya ce, Inna, Turanci danfo ne.
Babbar kalmar direba ce, ba ta cewa uffan.
'Yar ƙaramar da ke maƙale a ƙofa,
ƙafa ɗaya a ciki, ƙafa ɗaya a iska,
ita ce kwandasta,
ita ke faɗin inda motar ta nufa.
Ki bar kallon fenti, duk rawaya ne.
Ki kasa kunne.

Sai na fara tara su
kamar canji a ƙullin bakin zane.
Sit up, in za ta sha magani.
Magani kuma yakan run out,
shi da ba shi da ƙafa.
Takalmi take off, jirgin Ikeja ma take off,
na ce wannan kwandasta ɗan damfara ne,
kira ɗaya, tasha biyu.
Mota takan break down a gadar Ojuelegba.
Mutum ma, ashe.

Na ce wa Sha'aban wannan yare wahala ne.
Ya ce to namu fa?
Fita da fito, saya da sayar,
wutsiya kaɗai ke juya mutum,
ko ya tafi ko ya taho.
Na yi shiru, na ƙara masa sukari.

Wata Alhamis aka ɗauke wuta tun safe.
Zafi ya zauna a ɗakin kamar mai bin bashi.
Mama ta zube a ƙofar banɗaki.
Na yayyafa ruwa, na kira waya, hannuna na rawa,
na ce, "Mama passed away."

Ihun da ya fito daga wayar nan
ya tsallako teku bai gaji ba.
Ana cikin haka tsohuwa ta buɗe ido
ta ce ina kokonta,
kuma wa ya jiƙa mata ɗankwali.

Out ne, ba away ba.
Suma daban, rasuwa daban,
a bakinmu ko yaro ba ya haɗa su,
amma a nasu direba ɗaya ne ke jan motocin biyu.
Out, bakin ƙofa ne, ana dawowa.
Away, ba a karɓar kuɗin komowa.
Mama ta yi wata guda tana ba baƙi labari,
tana nuna ni da sanda:
ga wadda ta kashe ni da Turanci.

Damina ta biyu,
ruwa ya kwana yana dukan kwano,
kwata ta cika ta shigo har gindin bene.
Da asuba na kai koko.
Na kira sunanta sau uku.
Na yayyafa ruwa, ko da na sani.

Na daɗe zaune da waya a cinya.
Yanzu na iya.
Ban taɓa ƙin iya abu kamar ranar ba.

Na faɗa daidai, ban yi tuntuɓe ba.
Morenike ta yi shiru,
ta ce, "Tabawa, out ko away?"
Na maimaita.

Can ƙasa wani kwandasta na kiran Yaba, Yaba,
muryarsa a jiƙe.
Ta ce, "Hold on."
Wannan ban tambayi Sha'aban ba.
Na riƙe.